Iskar Kossodo da Kuɗin Adashina

Duk wanda ya taɓa yin hunturu ko guda a Wagadugu zai iya rantsuwa cewa in akwai abin da Allah ya wadata garin nan da shi bayan babura, to iska ce. Daga Disamba har Fabrairu tana kwaso jar ƙura daga arewa maso gabas, ta zuba a tukunya, ta zuba a kunne, ta mai da farin mayafi ruwan ƙasa kafin ki kai bakin titi. Shi ya sa ba na ganin wautar wanda ya tsaya a unguwarmu ta Kossodo, ya ga ledoji na tashi sama kamar shirwa, ya ce wannan iska da ke wucewa a banza me zai hana a mai da ita wutar lantarki. Tambaya ce mai kyau. Ni dai da ta shigo gidanmu, da kuɗin adashina ta shigo a bakinta, dole na zauna na yi mata kallon tsanaki.

Sana'ata ƙanƙara ce, da zoɓo, wanda mutanen nan ke ce wa bisap, da lemun citta. Firiza uku gare ni. Masu sayena mahautan da ke aiki a babbar mayanka ta Kossodo ne, da leburorin masana'antu, da matan da ke sarin ƙanƙara a kula su bi gari. Wadda duk ke irin wannan sana'a ta san watannin Maris, Afrilu da Mayu su ne kakarmu, su ne kuma lokacin kukanmu. Zafi na kai ma'auni 40 ya wuce, kowa na neman ruwan sanyi, kowane gida ya kunna fanka, masu hali sun kunna na'urar sanyaya ɗaki, sai wutar ta kasa isar gari a shiga rabonta unguwa-unguwa. Delestaj ake ce masa a nan. In aka ɗauke ta tsakar dare ba ta dawo ba sai hantsi, jarin kwana biyu ne ya koma ruwa a cikin leda. Janareta kuwa, ina da shi, amma abokin tarayya ne da ba ya zuba jari sai dai ya sha riba.

Ƙanen maigidana ne ya kawo maganar. Yana sarin kayan lantarki, kayansa na sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome, kuma mutum ne da in ya ga sabon abu a waya ba ya barci. Ya nuna mini hoton wata farar fanka mai fukafukai uku a kan dogon ƙarfe, an rubuta mata wat 1000. Ya ce, "Matarmu, ki ba ni kwasar adashinki ta wannan zagayen in sa miki biyu a kwantena. Rana faɗuwa take yi, mai tsada yake yi, iska kuwa ba mai ita. Dare da rana firizarki na aiki, ba ki biyan kowa ko dala." Na ce masa, "Kai da ko kuɗin cefane sai an bi ka, yau kai ne mai ba ni wuta kyauta?" Muka yi dariya, amma maganarsa ta kwana a raina, don ba duka ce shirme ba.

Mu mutanen Kossodo mun fi kowa sanin abin da wuta ke ci kafin ta zo. Ɗaya daga cikin manyan tashoshin lantarkin Wagadugu a unguwarmu take, injunanta baƙin mai suke sha, kuma in dare ya yi tsit kana jin gurnaninsu daga nesa. Burkina ba ta da teku, ba ta haƙo mai. Yawancin man sai tankar mota ta ɗauko shi daga bakin ruwa, ko Lome, ko Kwatano, ko Tema, ko Abijan, tafiyar kilomita dubu ko kusa da haka. Wani kason wutar ma saye ake yi daga Kodebuwa da Gana. Layin da ya taso daga Bolgatanga zuwa nan a 2018 aka buɗe shi. Ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan. Duk hajar da sai ta ƙetare iyaka biyu kafin ta iso hannunka, farashinta da zuwanta ba a hannunka suke ba. Iska kuwa ba ta tsayawa a kwastan. Ba a rufe mata boda, ba ta hayaƙi, ba ta tashi don an yi yaƙi a wata nahiya. In an kafa injin, abincinsa daga sama yake zuwa. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuma ana iya ci gaba da nomanta da kiwo, don gindin ƙarfen kaɗai ke cin wuri.

Kuma ba labarin Turai ba ne kawai. A Senegal, a Taiba Ndiaye da ke yankin Thiès, akwai injunan iska 46 da ke iya ba da megawat 158 da ɗoriya, Shugaba Macky Sall ya ƙaddamar da su a Fabrairun 2020. 'Yan uwanmu da ke fatauci zuwa Dakar sun gan su da idonsu, kowanne ya fi mita ɗari tsawo. Muritaniya na da nata a Nuwakshot da kuma can arewa wajen Boulenouar. Abin da ya haɗa wuraren nan shi ne suna kusa da tekun Atlantika, inda iska ke kaɗawa kusan kullum, daga gefe guda, da ƙarfi iri ɗaya, kamar ma'aikacin da ba ya fashi.

Amma ni 'yar Katsina ce, kuma ba sai an ba ni labarin injin iska ba. Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Kano ya san Lambar Rimi. Kana fita daga birni da kamar rabin awa za ka hango su a fili, dogayen ƙarafa masu fukafukai bibbiyu, guda 37, a jere kamar an shuka su. Kowanne kilowat 275, jimla megawat 10. Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ne ya faro tunanin tun yana gwamna a 2005, da ya zama shugaban ƙasa aikin ya koma hannun gwamnatin tarayya, aka ba wani kamfanin Faransa mai suna Vergnet kwangila. Ina tuna yadda ake zancensa a gidajen biki a lokacin. Wasu na cewa Katsina ta gama da duhu, wata tsohuwa kuma ta ce ita dai tsoronta kada fankokin su kore hadari.

A Disambar 2012 'yan bindiga suka afka wa gidan da injiniyan kamfanin, Francis Collomp, yake zaune a garin Rimi, suka tafi da shi. Ƙungiyar Ansaru ta ce ita ce. Wata goma sha ɗaya ya yi a hannunsu kafin ya kuɓuce da kansa a Nuwambar 2013. Aiki ya tsaya cak. Daga nan sai shekaru suka riƙa wucewa, minista ya zo ya duba ya sa rana, wani ministan ya zo ya sa wata ranar. An haura shekara goma da ba da kwangila ana maganar kammalawa. Sau nawa na wuce wurin a mota in na je ganin gida, iska na kaɗa gyalen kowa ta taga, fankokin kuwa yawancinsu a tsaye ƙiƙam, wasu ma a kwance, don irin waɗanda ake iya kwantarwa ƙasa ne in za a yi gyara. Awaki na kiwo a gindinsu.

Abin da Lambar Rimi ta koya mini ba wai iskar Katsina ba ta da kirki ba ne. Masana sun daɗe suna lissafa Katsina da Sakkwato da tsaunukan Jos cikin wurare mafi iska a Najeriya. Injin iska abu ne mai motsi, duk abin da ke motsi kuwa yana cin kansa. Yana son mai, yana son a canja masa abin da ya goge, yana son wanda ya san cikinsa ya zauna kusa da shi, kuma wannan mutumin yana son ya kwana lafiya. In ƙusa ɗaya ta lalace sai an aika Turai, in injiniya ɗaya ya tafi ba mai maye gurbinsa, to ƙarfe ne kawai ka dasa a gona. Mu da muke zaune a Burkina a shekarun nan ba ma buƙatar a yi mana bayanin abin da rashin tsaro ke yi wa aiki. Hanyar Fada N'Gourma da muke bi da zuwa Yamai, yanzu sai mutum ya yi istihara kafin ya hau ta. Kuma wuraren da aka ce iskar ƙasar nan ta fi ƙarfi, can arewa wajen Dori, su ne wuraren da yau ba kowane injiniya zai yarda ya kai jakarsa ba.

Na gaya wa ƙanen maigida duk wannan. Ya ce, "Wancan aikin gwamnati ne, Hajiya. Namu a kan rufinki zai zauna, ni ne ministan." To, a nan ne ɗan farina ya shigo zancen. Ba na kama sunansa, kun san al'ada, amma yana karatun lantarki a makarantar koyon sana'a, kuma shi ya warware mini abin da duk mu manyan ba mu sani ba. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A maganar iska dai yaron ne ya hango, bai ma hau komai ba.

Ya ɗauko takarda ya ce, "Umma, wat 1000 ɗin nan da aka rubuta, sai iska na gudun kamar mita 12 a daƙiƙa ɗaya ake samunsa. Wannan iska ce mai karkaɗa manyan rassan bishiya, wadda in kin fita da lema sai ta ƙwace miki." Ya ce ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In gudu ya ninka biyu, ƙarfi ninkawa takwas yake yi. In gudu ya ragu rabi, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin takwas. Iskar Wagadugu a tsayin rufin gida, in aka haɗa shekara aka raba, ba ta wuce mita 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Mita 3 rubu'in 12 ne. Huɗu sau huɗu sau huɗu, 64. A raba 1000 gida 64, abin da ya rage bai kai wat 16 ba. Kwan fitila biyu ke nan da cajin waya, in ma injin ya yarda ya juya, don da yawansu ba sa fara ba da wuta sai iska ta kai mita 3 ko 4. Firiza ɗaya kuwa tana neman fiye da wat ɗari in tana aiki, lokacin tashinta ma ta ninka haka.

Wallahi lissafin nan ya fi mini duk wani wa'azi. Na gane dalilin da ya sa na Senegal suke da tsawon da suke da shi: can sama iska ta fi gudu, ba gini, ba bishiya, ba abin da ke karya ta. Guda uku na Taiba Ndiaye sun kai duka 37 na Lambar Rimi ƙarfi. A harkar nan babba shi ne mai araha, ƙarami shi ne mai tsada, akasin yadda muka saba a kasuwa inda mai ƙaramin jari ke fara da tire ya girma. Iskar cikin unguwa kuma, wadda ke bugun katanga ta dawo, ta zagaya bishiyar mangwaro, ta faɗo ta kan kwano, hargitsattsiya ce. Tana sa fanka ta yi ta waige-waige kamar ɓarawo a kasuwa, ga ƙara, ga girgiza rufi, wutar kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Iska na wahalar da mai kayan kara, in ji masu magana. Ashe har mai kayan ƙarfe ba ta bari ba.

Sai kuma maganar lokaci, wadda ita ce ta fi damuna a matsayina na mai ƙanƙara. Ku duba kalandar iskar garin nan. Tana da ƙarfi a hunturu, musamman daga hantsi zuwa azahar, lokacin da mutane ke neman shayi da bargo, ni kuma nake kashe firiza ɗaya don ba ciniki. In Afrilu ta zo, daren da ake kwana a tsakar gida ana fifita da murfin kwali, ko ganye ba ya motsi. A daidai wannan daren nake neman wuta kamar rai. Kowa na tuna azumin 2024, da zafin da aka yi a ƙarshen Maris da farkon Afrilu, har garin Kayes na Mali ya haura ma'auni 48, tsofaffi da marasa lafiya da yawa suka rasu a ƙasashen nan namu. A kwanakin nan layi ake yi a ƙofar gidana tun la'asar. Da fankar iska na dogara da ita, da sai dai in fito in ba su haƙuri. Sannan in damina ta kusa, a Mayu da Yuni, sai guguwar gaban hadari ta taso daga gabas, ta minti ashirin ko talatin, mai ɗaga kwano da karya allunan talla. Wannan kuma ta yi yawa. Manyan injuna ma kulle kansu suke yi in iska ta kai wajen mita 25 a daƙiƙa, ƙaramin da ke kan rufi kuwa, in ƙarfen bai kafu da kyau ba, a gidan maƙwabci za a tsince shi, Allah ya sa ba a kan ɗan wani ba.

Wani zai ce ai batir na nan, a tara a lokacin da ake da ita. Gaskiya ne, amma batir na tara na yini ne zuwa dare. Ba wanda ya isa ya tara iskar Janairu ya ajiye ta sai Afrilu, kamar yadda muke ajiye albasa ko wake.

Ko inda iskar ta amsa sunanta ma ba a rasa wata wahalar. A Kenya, kusa da tafkin Turkana, an kafa injuna 365 masu ba da megawat 310, wurin da ake cewa yana cikin mafi kyawun iska a duniya. An gama kafa su a 2017, amma layin da zai kai wutar cikin ƙasa, sama da kilomita 400, bai kammala ba sai a 2018, ƙasar ta yi ta biyan diyyar wutar da ba wanda ya sha. Makiyayan yankin kuma suka kai ƙara kan filin kiwonsu, kotu ta ce ba a bi ƙa'ida ba wajen ba da shi. Iska mai kyau yawanci a daji take, masu buƙatar wuta kuwa a birni, kuma dajin da ɗan birni ke gani fanko ne, akwai mai shanu da ya san kowace rijiya a cikinsa.

Kada in zalunci ƙanen maigida, akwai inda ya fi ni gaskiya. Faifan sola da kowa ke yabo, shi ma yana da ranar kunyarsa. A hunturu ƙura na rufe shi cikin kwana biyu, hazo na tare rana, in ba ki da yaron da zai hau ya goge kullum wutar ta ragu. Babbar tashar sola ta Zagtouli da ke yammacin gari, mai megawat 33, wadda Shugaba Roch Kaboré da Emmanuel Macron suka buɗe a Nuwambar 2017, faifanta wajen dubu 130 ne, kuma duk sai an wanke su a ƙasar da ruwa ke da daraja. A daidai watannin da sola ke shan ƙura, a lokacin iska ke da ƙarfi. Da magariba sola ta tafi barci, iska kuwa ba ruwanta da agogo. Ƙasa guda, mai manyan layuka da madatsun ruwa irin Bagré da Kompienga, tana iya haɗa su ta ce in wannan ya gaza wancan ya riƙe. Akwai kuma aikin da iska ta fi dacewa da shi tun zamanin iyayenmu, wato jan ruwa daga rijiya. Tanki ba ya gaggawa. In ta kaɗa yau ya cika, in ta kwanta gobe a sha na jiya. Da lambu gare ni a bayan gari da rijiya, da na saurare shi da kunne biyu. Firiza ce ba ta san haƙuri ba.

Maigida bai sa baki ba sai a ƙarshe, kamar yadda ya saba. Ya ce kuɗi nawa ne, shawara tawa ce, amma kada a bar zumunci ya yi tsami a kan fanka. Kwasar adashin dai faifan sola na saya da ita, da batir, da inbata da ke iya ɗaukar firiza biyu, kuma a wurin ƙanen nasa na saya, don ya san ba shi na ƙi ba. Ta ukun tana nan a kan wutar gari da janareta. Ban rabu da sayen mai ba, amma jarkar da ke ƙarewa a kwana biyu yanzu tana kai mako.

Shi kuwa bai saduda ba. Ya ce alƙaluman da yaron ya kawo na filin jirgi ne, ba na Kossodo ba, wai mu a gefen gari muke, iskarmu daban. Sai suka yi yarjejeniya da ɗan nasa. Yaron ya haɗa ma'aunin iska da kofunan roba uku da mitar gudun keke, suka ɗaure a kan bututun ƙarfe mai tsawon mita shida a bayan ɗakin firiza. Sau uku a rana yake dubawa, bayan asuba, bayan azahar, bayan isha'i, ya rubuta a littafin makaranta. Za a yi shekara guda cur. In matsakaicin ya kai mita 5, na yi alkawarin sayen fanka ɗaya da kuɗina. In bai kai ba, baffan zai saya wa yaron akwatin kayan aiki, cikakke, irin na masu haɗa sola. An cika wata bakwai yanzu, hunturu ma na ciki, kuma na lura kwanan nan ƙanen maigida ya fara tambayar farashin akwatin a wurin abokan sarinsa na Lome.